Inda Kokawa Take Ƙarewa, Nan Judo Yake Ci Gaba

Yau zancenmu zai ɗan kauce daga hawan jini da ciwon sukari da muka saba tattaunawa a wannan fili, ya nufi fagen kokawa. Kada ka yi mamakin jin mai harhaɗa magunguna yana maganar kaye da danniya. Abin da ya faru a fage, ƙarshensa tagar ɗakin magani yake zuwa, ko a rubuce cikin takardar likita, ko a bakin uban da ya zo tambayar abin da zai ba yaronsa mai kumburarren hannu. A 'yan shekarun nan raunukan da nake gani daga yankin Kadawa, wato Kura da Bunkure da Garun Malam da ƙauyukan da ke bin magudanan ruwa, sun soma sauya kama. A da targaɗe ne da gocewar kafaɗa da ƙujewa, irin na wanda aka ɗaga aka buga da ƙasa. Yanzu an samu ƙarin yaron da muryarsa ta dushe saboda an shaƙe shi, da wanda aka lanƙwasa wa gwiwar hannu yana kwance. Wannan sabon rauni daga wata kokawa ya zo mana, kuma ya kamata iyaye su san ta kafin ta shigo tsakar gidansu.

Bari mu fara da abin da muka gada. A kokawar Hausawa ƙasa ita ce iyaka. A buga ganga, a yi kirari, a shiga fage, kowa ya duƙa yana neman ƙugun ɗan'uwansa ko ƙafarsa, a yi ta ja-in-ja ana gwada taɗiya da ɗauka. Da zarar an kai ɗaya ƙasa, magana ta ƙare. Wanda ya yi kaye ya miƙe ana yi masa guɗa, wanda aka kayar ya kakkaɓe jikinsa ya fita. Haka abin yake a dandalin ƙauye, haka kuma yake a babbar gasar takobi ta Jamhuriyar Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975 Kantu na Maraɗi ya lashe ta, har zuwa zamanin Isaka Isaka na Doso da ya ɗauki takobin sau da dama. Ko a dambe, faɗuwar mutum ita ake kira kisa, kuma daga nan ake rabawa. A ganina akwai hikima cikin wannan iyaka. Samarin da suka kara da yamma, gobe da safe gona ɗaya za su shiga, kuma haye wanda ya faɗi abin kunya ne a idon jama'a. Saboda haka ɗan kokawarmu bai taɓa bukatar koyon abin da zai yi idan yana kwance wani na kansa ba, bai kuma bukaci wata alama ta cewa ya sallama ba. Faɗuwarsa ta riga ta sallama a madadinsa.

Judo kuwa daga Japan ya fito. Wani malamin makaranta mai suna Jigoro Kano ne ya kafa shi a birnin Tokiyo a 1882, a makarantar da ya kira Kodokan. Sunan malamin ya zo daidai da na birninmu ne kawai, babu wata dangantaka a tsakani. Ya tattaro dabarun faɗa na mutanen da, ya ajiye mafi haɗarinsu gefe, ya bar waɗanda za a iya gwadawa da iyakar ƙarfi ba tare da an illata juna ba. Wasan ya shiga gasar Olamfik a 1964, mata kuma suka fara karɓar lambobin yabo a cikinsa a 1992. A tsaye ake farawa kamar tamu, sai dai riga mai kauri ake kamawa, kuma dokar yau ta hana cafkar ƙafa da hannu. Idan ka jefa abokin karawarka ya faɗi rigingine da ƙarfi da sauri, alƙali zai ce ippon, wasa ya ƙare nan take kamar a fagenmu. Idan kuwa jifar ba ta cika ba, ya faɗi ta gefe ko ya kifa da ciki, sai a bi shi ƙasa a ci gaba. Wannan sashe suke kira newaza, kuma shi ne abin da babu irinsa a gidanmu.

Hanya uku ce kawai ake cin nasara da ita a ƙasa. Ta farko danniya: ka ajiye mutum a rigingine, ka mallake shi ta gefe ko ta kai ko a bisa ƙirji, har daƙiƙa 20 su cika. Idan ya kuɓuce bayan daƙiƙa 10 ka samu rabin nasara. Idan kuma ya yi dabara ya harɗe ƙafarka da ƙafafunsa, an daina ƙirga maka, domin a idon judo ba ka mallake shi ba. Ta biyu shaƙa, da wuyan riga ko da damtse. Ta uku lanƙwasa gaɓa, kuma gwiwar hannu kaɗai aka yarda a taɓa. Yatsu da wuyan hannu da gwiwar ƙafa da idon sawu da ƙashin baya duk an haramta su a gasa tun kusan shekara ɗari da suka wuce. Bayan wannan kuma ga agogo. Wasan manya minti 4 ne, kuma alƙali ba ya barin a daɗe a kwance. Da ya ga babu ci gaba sai ya tsayar, ya ce a miƙe. Shi ya sa kokawar ƙasa ta judo take da gaggawa, kamar ta mai kwashe shanya ga hadari ya haɗo.

Na yi shekara uku ina koyon judo lokacin da nake jami'a, kuma abu biyu suka fi tsaya mini a rai. Na farko, watannin farko ba a koya mana kayar da kowa ba. Faɗuwa muka yi ta koyo, ta baya da ta gefe da ta gaba, haɓa a manne da ƙirji, hannu yana dukan shimfiɗa don ya raba ƙarfin buguwar, har sai da jiki ya riƙa yin haka da kansa. Suna kiran wannan ukemi. Na biyu, ranar da aka fara danne ni na gane cewa nauyin jiki ba shi ne kan gaba ba. Wanda ya danne ni bai kai ni jiki ba, amma ya san inda zai ɗora ƙirjinsa, ya kuma san lokacin da na fitar da numfashi sai ya cike gurbin. Daƙiƙa 20 a ƙarƙashin gwani sun fi jiran layin katin asibiti tsawo. Daga nan na fahimci dalilin da ya sa malaminmu ba ya kawar da idonsa daga kan masu kwance, ko da waɗanda ke tsaye ne suka fi ban sha'awa.

To, ina bambancinsa da sauran? Ɗauki jujitsun Barazil, wanda shi ma reshen judo ne. Wani ɗalibin Kodokan mai suna Mitsuyo Maeda ya isa Barazil a 1914, ya koyar da wasu matasa, ciki har da ɗan gidan Gracie, su kuma suka mayar da hankalinsu kacokan kan kokawar ƙasa. A wurinsu ƙasa gida ce. Wasan gwanayensu yakan kai minti 10, kuma alƙali ba ya tayar da su don kawai sun daɗe a kwance. Danniya ba ta ƙare wasa, maki ake bayarwa: 4 ga wanda ya haye bisa cikin abokinsa, 4 ga wanda ya maƙale masa ta baya. Kwanciya rigingine da harɗe mutum da ƙafafu, wadda a judo hanyar kuɓuta ce, a wurinsu wurin kai hari ce. Ɗan judo idan ya ga za a danne shi yakan kifa ya dunƙule kamar kunkuru, ya jira alƙali ya ce a miƙe. Ɗan jujitsu ba zai yarda ya yi haka ba, don ya san ya miƙa bayansa da wuyansa. Kuma sun buɗe ƙofar da judo ya rufe: suna murɗa kafaɗa da wuyan hannu da idon sawu, manyansu har da gwiwar ƙafa.

Sai kokawar zamani ta Olamfik, wadda Blessing Oborududu ta ciyo wa Nijeriya lambar azurfa a cikinta a gasar Tokiyo da aka yi a 2021. A nan babu shaƙa, babu lanƙwasa gaɓa, babu riga da za a kama. Abin nema shi ne a manna kafaɗun mutum biyu da shimfiɗa, kuma ba a ƙirga daƙiƙa 20, da alƙali ya tabbatar shi ke nan. Don haka ɗan wannan kokawa yakan gantsare, ya tokare da kansa da dugadugansa, ya ɗaga bayansa kamar gada, wuyansa yana ɗauke da nauyin mutum biyu. Akwai kuma sambo na ƙasar Rasha, inda aka yarda a murɗa ƙafa amma aka hana shaƙa a wasan da aka fi yi. Ka ga ke nan kowace kokawa da ma'anar da ta ba ƙasa, kuma kowace da gaɓar da take ci. Tamu kafaɗa da ƙugu take ci saboda faɗuwa. Ta Olamfik wuya da kunne da gwiwar ƙafa. Judo gwiwar hannu da yatsu da haƙarƙari, ban da raunin jifa. Jujitsu kuwa ya ƙara da gaɓoɓin ƙafa.

Yanzu ga inda matsalar take. Yaranmu ba a ɗakin horo suke ganin waɗannan dabaru ba, a waya suke ganinsu. Tun da Kamaru Usman, haifaffen Auchi, ya ɗauki kambun gasar UFC a 2019, faɗan cikin keji ya samu karɓuwa a gidajen kallo da wayoyin samari. Yaro ya ga yadda aka zagaya wuyan mutum da damtse, ya fita ya gwada a kan ƙanensa a bakin magudanar ruwa. Abin da hoton bai nuna masa ba shi ne alƙalin da ke tsugune kusa, da likitan da ke zaune gefe, da shekarun da aka yi ana koyon sakin mutum. Duk kokawar ƙasa a kan doka ɗaya ta tsaya: wanda aka shaƙe ko aka lanƙwasa zai bubbuga shimfiɗa ko jikin abokinsa sau biyu, da hannu ko da ƙafa, shi kuma ya sake shi nan take. Mu kuwa mun tashi cikin al'adar da namiji ba ya cewa wayyo. Idan ka haɗa dabarar da ba ta da birki sai sallamawa da yaron da aka koya wa cewa sallamawa ragwantaka ce, ka haɗa hatsari. Ka gaya wa ɗanka, da bakinka, cewa durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Zakarun duniya ma suna bubbugawa kullum a wurin horo, shi ya sa suke wayar gari da hannayensu lafiya.

A nan sana'ata ta shigo. Mutum ba zai bubbuga ba sai ya ji zafi, kuma zafin shi ne ɗan aiken da gaɓa take turowa kafin ta goce. Duk maganin da ya toshe bakin wannan ɗan aike ya cire birkin. Ka dubi rayuwar saurayin Kadawa. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 ruwa ya riƙa biyo magudanai zuwa gonaki, noma ya daina zama na damina kaɗai. A da kaka ce lokacin kokawa, an kai amfani rumbu, jiki ya huta. Yanzu daga yankan shinkafa sai dashen tumatir da albasa da shukar alkama, daga nan sai ɗaukar kwanduna zuwa Kwanar Gafan. Jikin da bai samu hutu ba shi ake kaiwa fage da yamma, kuma da yawa sukan biya ta kemis ko wurin mai tallar magani su ce a ba su na ciwon jiki ko na ƙarfi.

Tiramadol dangin maganin kashe zafi ne masu sa maye da kamu. Hukumar NAFDAC ta amince da mai miligiram 50 da mai 100 ne, bisa takardar likita, amma waɗanda ke yawo a kasuwa har da masu 200 da 225. Binciken da aka gudanar a faɗin ƙasar nan a 2018, da haɗin gwiwar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya nuna mutum kimanin miliyan 4.6 sun sha irin waɗannan magunguna ba don jinya ba. Ban da kashe jin zafi, tiramadol yana kawo jiri, yana rage saurin tunani, yana iya tayar da jijjiga irin ta farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yi ba, kuma idan ya yi yawa yana danne numfashi. Ka ƙaddara saurayin da numfashinsa ya riga ya yi rauni, sannan wani ya ɗora masa ƙirji ko ya zagaye masa wuya. Hukumar da ke yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi lokacin gasa tun daga 1 ga Janairun 2024, don haka matashin da ke mafarkin wakiltar jiharsa ko ƙasarsa ya san cewa ƙwaya ɗaya tana iya rufe masa ƙofa.

Haɗin da ake ƙullawa a leda shi ma abin tsoro ne. Sau da yawa idan majinyaci ya kawo mini ragowar nasa na zube a tebur, sai in tarar da dikilofenak da aibufurofen tare, waɗanda aikinsu ɗaya ne kuma illarsu ɗaya, ga kuma ƙwayar dekisametazon a ciki. Wannan haɗi yana cin bangon ciki har ya kawo gyambo da aman jini, yana kuma taɓa ƙoda, musamman ga wanda ya wuni cikin rana yana zufa bai sha ruwa sosai ba. Ga ciwon jiki na yau da kullum farasitamol ya isa: babba ya sha ƙwaya biyu masu miligiram 500, ya bar awa shida tsakani, kada ya wuce ƙwaya takwas a kwana guda, don fiye da haka yana lalata hanta. Na yara da nauyinsu ake aunawa, a tambayi ma'aikacin lafiya. Kuma kowane iri ne, bayan wasa ake shansa. Wanda sai ya sha magani kafin ya iya shiga fage, jikinsa ya riga ya ce masa ya zauna.

Game da shaƙa, ga abin da ke faruwa. A gefen wuya dama da hagu akwai manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa. Idan aka matse su sosai, cikin kamar daƙiƙa 10 mutum yake suma, wani lokaci ba tare da ya yi ko motsi ba, har mai shaƙar ya zaci taurin kai ne ya ƙara matsewa. Idan aka ci gaba, mintuna kaɗan sun isa su lalata ƙwaƙwalwa ko su kai ga rasa rai. Wanda bai iya ba kuma maƙogwaro yake dannewa, wanda ke iya kumbura bayan an saki. Idan ka tarar an shaƙe yaro ya suma, a sake shi nan take, a kwantar da shi ta gefe, a duba numfashinsa. Kada a ɗura masa ruwa a baki. Idan ba ya numfashi a riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi a kai a kai ana neman mota. Ko ya farfaɗo yana dariya, a kai shi a duba. A kwanakin da suka biyo baya kuma a lura da dushewar murya, wahalar haɗiya ko numfashi, ciwon kai mai tsanani, karkacewar baki, sarƙewar harshe ko mutuwar hannu. Kowace daga cikinsu ta asibiti ce a wannan sa'a. Ƙungiyoyin judo da yawa ba sa barin ƙananan yara su yi shaƙa ko lanƙwasa gaɓa a gasa, danniya kaɗai ake koya musu, kuma wannan ita ce dokar da ta dace da kowane gida.

Gwiwar hannun yaro ba irin ta babba ba ce. Ƙashinsa yana kan girma, kuma ƙarfin da zai ba babba targaɗe yana iya karya na yaro dab da gaɓar, inda jijiyar jini da ta motsi suke wucewa. Ina girmama maɗoranmu, da yawansu sun gaji sana'ar kuma sun taimaki jama'a. Amma karayar da ke kusa da gaɓa tana bukatar hoton ƙashi kafin a taɓa ta, kuma ɗaurin karare da ya matse kumburarren hannu yana iya tsayar da jini har naman ya mutu. Idan yatsu suka yi sanyi, ko suka canza launi, ko yaro ya ce ba ya jin su, ko zafi ya riƙa ƙaruwa bayan ɗori, a kwance ɗaurin a kama hanya. Asibitin Ƙashi na Dala yana cikin Kano, kuma tafiyar yau ta fi ta jibi sauƙi da araha.

Akwai kuma abin da ya shafi yankinmu musamman. Inda ruwa yake kwance rani da damina, sauro ba ya tafiya hutu, kuma yaran da ke wanka a magudanai ba baƙin tsargiya ba ne. Zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa da tsargiyar hanji duk suna iya kumbura saifa, wadda ke ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Kumburarriyar saifa tana leƙowa daga inda haƙarƙari ke kare ta, kuma gwiwa ko nauyin wanda ya haye ciki yana iya fasa ta, jini ya riƙa zuba a ciki ba a gani. Alamarta ciwo a saman ciki ta hagu ko a kafaɗar hagu, jiri, zufa mai sanyi da farin ido. Yaron da ya tashi daga zazzaɓi kwanan nan, ko mai taurin ciki ta hagu, ko mai ciwon sikila, kada ya shiga wasan danniya sai likita ya taɓa cikinsa ya yarda.

Kada kuma a zaci jifa ta fi kwanciya sauƙi. A Japan kanta, wani masani na Jami'ar Nagoya, Ryo Uchida, ya tattara alƙaluman da suka nuna ɗalibai fiye da 100 sun rasu a judon makarantu cikin kimanin shekara talatin daga 1983, akasarinsu saboda buguwar kai, kuma da yawansu sababbin shiga ne. Wannan ya faru ne a kan shimfiɗa, balle a kan busasshiyar lakar rani ko simintin bakin magudana. Fagen gasar Nijar yashi ake zuba masa, a kewaye da buhuna. Shimfiɗar Japanawa ta asali, tatami, da bambaron shinkafa ake cusa ta, abin da muke ƙonawa tuli-tuli a Kura bayan girbi. Wanda ya bugu a kai ya bar wasa a ranar ko da ya ce lafiyarsa ƙalau, farasitamol kaɗai za a ba shi, ban da asfirin da danginsa masu tsinka jini. Amai, yawan barci, ruɗewa ko jijjiga na nufin asibiti. Wanda kuma ya ce wuyansa na ciwo ko hannayensa sun mutu, kada a ɗaga shi a ɗora a babur. A tallafe kansa kada ya motsa, a kwantar da shi a kan ƙyaure ko faffaɗan katako a ɗauke shi a haka.

Abu na ƙarshe fata ce. Kokawar ƙasa tana haɗa jiki da jiki na tsawon lokaci, saboda haka makero da ƙazuwa da maruru suna yawo tsakanin masu yin ta a ko'ina cikin duniya. Makeron jiki yana jin man shafawa na kilotirimazol, safe da yamma, mako biyu zuwa huɗu. Na kai kuwa shafawa ba ta isa, sai an sha magani na makonni bisa umarnin likita. Ka guji man nan mai haɗi uku da ake sayarwa don kowace irin ƙuraje, domin sinadarin da ke cikinsa yana kwantar da ƙaiƙayi ya ɓoye tabon, cutar kuma tana bazuwa a ƙarƙashi. Wanka da sabulu bayan wasa, yanke farce, wanke riga a shanya ta a rana, da hana aron tawul da abin taje kai, sun fi kowane magani arha. Kunnen da ya kumbura ya tara jini saboda gogayya a kai shi a zuƙe cikin kwana ɗaya ko biyu, in ba haka ba zai daskare ya ƙudundune har abada.

Duk wannan ban faɗe shi don a hana yara wasa ba. Ina son judo, ina kuma son kokawarmu, kuma yaron da ke da fagen zubar da ƙarfinsa ya fi wanda ke zaune a bakin titi nisa da ƙwaya. Koyon faɗuwa ma kaɗai riba ce ta rayuwa ga wanda zai hau babur, ya bi kunyar gona mai santsi, ya kuma tsufa. Idan ɗanka ko 'yarka suka nuna sha'awa, ka je da ƙafarka ka ga malamin. Ka duba ko akwai shimfiɗa, ko ana fara koyar da faɗuwa kafin jifa, ko ana haɗa yara daidai girmansu, ko ana sakin wanda ya bubbuga ba tare da an yi masa dariya ba. Idan ka ga malami yana shaƙe ɗalibi har ya suma don ya nuna gwaninta, ka kama hannun ɗanka ku fito. Idan babu irin wannan wuri kusa da ku, to a tsaya kan dokar da muka gada, kuma kai uba da ke uwa ku ne alƙalan tsakar gida: a yi a kan yashi, a yi da idon babba, ba a taɓa wuya, kuma wanda ya faɗi an gama da shi, sai a miƙa masa hannu ya tashi.

Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya kare mana zuriya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, inda za mu duba tsargiya da yadda ake shan maganinta.